Kurakuran da baƙi suka fi yi a Toledo, da yadda za ka kauce musu

Toledo ta ƙasar Sifen, wadda Larabawan Andalus ke kira Ɗulaiɗila, a kan tudun dutse take zaune, kogin Tajo ya zagaye ta ta gefe uku. Tsakaninta da Madrid kusan kilomita 70 ne, jirgin ƙasa daga tashar Atocha kuma bai cika wuce rabin awa da 'yan mintoci ba. Wannan kusancin ne ke yaudarar mutane: a zo da hantsi, a yi hoto a bakin babban coci, a koma da la'asar. Wanda ya yi haka cunkoson jama'a kawai ya gani. Ka kwana ɗaya. Da motocin 'yan yawon buɗe ido sun tashi da yamma, lungunan sai su yi tsit. Kafin faɗuwar rana ka tsallaka hayin kogi zuwa wurin hange da ake kira Mirador del Valle, daga can ne birnin ke fitowa gaba ɗayansa. Tikitin dawowa kuma a saya tun da wuri, jiragen yamma kan cika.

Tashar jirgin a ƙasa take, garin kuma a sama. Masu jan akwati kan duwatsun titi, sanye da takalmin zuwa biki, su ne ke isa a jigace. Ka sa takalmi mai taushin ƙasa, ka tsallaka gadar Alcántara, sannan ka nemi matakalan lantarki da ke haura mutane zuwa cikin gari. A Yuli da Agusta zafin wurin ba wasa ba ne, ko ga mutumin Sakkwato.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne wucewa ba a lura da Larabcin da ke ko'ina ba. Alcántara daga "al-ƙanɗara" ta fito, wato gada. Dandalin Zocodover kuwa "suƙud dawabbi" ne, kasuwar dabbobi, abin da mu za mu kira kara. Kusa da tsohuwar ƙofar Bab al-Mardum akwai ɗan masallacin da aka gina a 999, wanda yanzu ake kira Cristo de la Luz. Bai fi girman zaure ba, amma ɗaga kai ka ƙirga ƙananan ƙubbobi tara, kowacce da irin zanenta. Bayan sarkin Kiristoci Alfonso na 6 ya karɓi birnin a 1085 aka mayar da shi coci. Yau wurin tarihi ne da ake shiga da tikiti, don haka kada ka jinkirta Azahar da niyyar yi a ciki. Ka shirya sallarka a masauki.

Abinci ma yana kama mutane. Carcamusas da ake yi wa talla a kowane lungu naman alade ne. Ka riƙe kalmomi biyu, "sin cerdo", wato ban da alade, ka kuma tambayi irin kitsen da aka yi girki da shi. Abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare kuwa tara ma ba a makara ba.

Toledo ta shahara da ƙera takubba, shaguna cike suke da su. Idan ka saya, ka sa a babban akwati ko ka ce mai shago ya aika maka, don a filin jirgin sama ba za a bar ka ka shiga da shi a jakar hannu ba.