Yadda ake caji da ajiye batirin litiyam kar ya kumbura ko ya kama wuta

Yawancin mutanen da na gani sun lalata batir ba wajen caji suka lalata shi ba, wajen ajiya ne, ni kaina can na sha wuya. Amma bari mu fara da cajin tunda shi kowa ke tambaya.

Batirin waya, laftop, fawa bank, wasu tociloli masu caji, da waɗannan dogaye masu kama da yatsa da ake kira 18650, duk dangi ɗaya ne. Galibi ƙwayar batir ɗaya in ta cika tana kai bolt 4.2, kuma ba a so ta sauka ƙasa da wajen bolt 3. Aikin caja mai kyau shi ne ta yanke wuta da kanta in an kai wannan iyakar, shi ya sa nake cewa dan Allah a daina sayen cajar 18650 mai arha wadda ba ta da suna, kuɗin da ka rage bai kai na labule ɗaya da zai ƙone ba. Ka yi caji a kan abu mai tauri kamar tebur ko siminti, ba kan katifa ba, balle ƙarƙashin filo inda zafin ba shi da hanyar fita. In wayar ta ɗau zafi daga rana ko daga gem, ka bar ta ta huce tukuna, batirin nan ba ya son caji in zafi ya wuce digiri 45. Ni dokata ita ce in cire a kashi 80 in jona a kashi 20, batir ya fi daɗewa haka. Manyan batira irin na keke mai lantarki kuwa kar ka jona ka kwanta barci, kuma kar ka ajiye su a bakin ƙofar da za ka bi ka fita in abu ya faru.

To yanzu ajiya. Ina da ƙwayoyin 18650 guda huɗu, na cika su taf na zuba a durowa tare da makullai da ƴan kusoshi, a ganina na yi dabara. Ashe ɗaya ledar jikinta ta ɗan yage daga sama kusa da kai, yagewar ko farce ba ta kai ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne gangar jikin ƙwayar gaba ɗaya negatif ce, kan ne kawai fozitif, tsakaninsu kuma ɗan siririn zobe ne, to da makulli ya kwanta a wurin sai ya haɗa su. Wani wari na fara ji mai ɗan zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ina jawo durowar na ga ledar ta narke ta manne da makullin, ƙwayar ta yi zafin da ba ta taɓuwa, da filaya na ɗauke ta na kai waje. Wallahi da ba na ɗakin ban san inda abin zai tsaya ba.

Tun daga ranar kowace ƙwaya cikin akwatinta na roba take, babu ƙarfe kusa, aljihu kuwa haram. Wadda ledarta ta yage a sake mata sabuwa ko a daina aiki da ita. Kuma ba a ajiye batir a cike, ba a ajiye shi a mace, wajen rabi ake bari, kashi 40 zuwa 60, in kana da mitar awon lantarki, bolt 3.7 zuwa 3.8 kenan. A cike cikin zafi yake saurin tsufa ya kumbura, a mace kuma yana ci gaba da zuƙewa har ya faɗi inda sake cajinsa haɗari ne. Wuri mai sanyi busasshe, ban da cikin mota a rana, kuma duk wata uku ka duba ka ɗan ƙara masa. In za ka hau jirgi fawa bank a jakar hannu ake sa shi, ba a kayan da za su shiga ƙasan jirgi ba.

In ka ga bayan waya ya ɗago ko sikirin ya fara rabuwa, batirin ya kumbura kenan, iskar gas ce ta taru a ciki. Kar ka danne shi, kar ka huda shi da allura wai iskar ta fita kamar yadda wasu ke yi, kashe na'urar ka daina caji. Ko manyan kamfanoni abin na samunsu, Samsung sai da ya janye wayar Galaxy Note 7 a 2016 saboda batirinta na kama wuta.

Zubarwa kuma, kar ka jefa a shara, kar ka ƙona. Liƙe bakinsa da salatif, in ya kumbura ko ya fashe ka sa shi cikin gwangwanin ƙarfe da yashi a waje nesa da kaya, sannan ka kai wurin da ake karɓar tsofaffin batira ko kayan lantarki. In ya fara hayaƙi ka fitar da mutane, hayaƙin guba ne, ƙaramin batir irin na waya ana iya kwara masa ruwa da yawa ya huce in ba a jone yake da wuta ba, amma ka sa masa ido don yakan sake tashi bayan an ɗauka ya mutu.