Yadda ake haɗa masu kiɗan takarda da 'yan jaz a dandali ɗaya

Masu gogen Turawa takarda suke bi, kowane sauti a rubuce yake, 'yan jaz kuwa, wato wani salon kiɗa da ya samo asali a Amurka, nan take suke ƙirƙiro nasu. Wannan haɗin shi Gunther Schuller, wani masanin kiɗa, ya kira Third Stream a Amurka a 1957.

To tun wajen gwaji ku zauna ku yanke inda za a ajiye takarda a bar wa mai saksofon, wani abin busa na Turawa, fili, da kuma alamar dawowa, ɗaga kai ma ya isa in dai kowa na kallo. Mai ganga don Allah ya sassauta hannu ya ɗauki burushin kaɗa ganga mai taushin sauti maimakon sanda, in ba haka ba wallahi gogen nan ba mai jin su. Su kuma masu goge su riƙe dogon sauti a ƙasa, kunnensu na kan mai bas, wato babban gogen nan mai kaurin sauti, shi ke riƙe da lokaci.