Yadda za ki bi da gashin gemu da na jiki

'Yar uwa in gashi ya fara fito miki a haɓa ko saman leɓe ko ƙirji, dan Allah kar ki ɓoye kina kuka a ɗaki, mata da yawa na fama da shi wallahi. Ki fara duba al'adarki, in tana tsallake wata biyu uku ga ƙuraje a fuska ga ƙiba na ƙaruwa to ki je asibiti ki ga likitan mata a miki gwajin jini da sikanin, don sau da yawa PCOS ne, wato wata matsala ta ƙwan mace, ke sa sinadarin maza ya yi yawa a jiki. In kuma cikin 'yan watanni gashin ya taso miki har murya ta fara kauri, wannan kam kar ki jira.

Maganin likita yana ɗaukar kamar wata 6 kafin ki ga canji, kuma spironolactone, ɗaya daga cikin magungunan da ake bayarwa, mai ciki ba ta sha.

Wajen cirewa ni na fi son halawa irin ta Maiduguri, sukari da lemun tsami da ɗan ruwa a dafa har ya yi kalar zuma, ki bari ya huce sosai sannan ki manna ki fizge, zai kai sati uku kafin ya dawo. Reza ba ta sa gashi kauri, bakinsa ne kawai ke yin kaushi. Mai son leza, wato cire gashi da haske, ki tambayi irin wadda ake kira Nd:YAG, ita ta fi dacewa da baƙar fata. Man bilicin mai steroid kuwa ki daina shafawa, yana ƙara gashin.