Kurakuran da ɗalibin hoto ke yi idan tela ya ba shi aikin ɗaukar kaya

Ɗalibin da ya saba ɗaukar abokansa a makaranta, ko ya bi maigidansa wurin biki sau uku ko huɗu, yakan zaci hoton tallan kaya daidai yake da hoton mutum, an dai sa sabon ɗinki ne kawai. To daga nan ake fara samun matsala. A wurin biki fuska ake nema. Shi kuwa tela ko mai shagon kaya da ya cire kuɗinsa ya biya ka, so yake mai saye ya ga launin yadi yadda yake, ya ga yadda ɗinkin ya zauna a kafaɗa, ya ga aikin wuya zare-zare. Kusan duk kuskuren da za a ambata a ƙasa daga mance wannan yake fitowa.

Maganar da ba a yi ba tun farko

Kwastoma ya ce "zo ka ɗaukar min kayan sallah", ɗalibi ya ce "to, Alhaji", shi ke nan an gama ciniki. Ranar aiki sai ya tarar da kaya kala ashirin, ga shi ya zo da batir ɗaya, kuma rana ta kusa faɗuwa. Kafin ka amsa, ka tambayi kala nawa ne, hoto nawa ake so a kan kowace kala, a ina za a sa hotunan, kuma yaushe ake buƙatarsu. Tambayar inda za a sa su tana da muhimmanci, don hoton Instagram na tsaye yawanci ana yanka shi 4:5, wato faɗi 1080 tsawo 1350, na sitatus ɗin WhatsApp ya fi haka tsawo, 9:16, shi kuwa allon ƙofar shago yakan buƙaci fili a gefe don rubutu. Wanda ya cika firam da mutum tun daga kai har ƙafa ba tare da ya bar sarari ba, idan aka zo yanka sai dai ya zaɓa: hula ko takalmi.

Ka yi lissafin lokaci da gaske. Kalar namiji ɗaya, da canza kaya da gyara hula da ɗauka, takan ci minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ta mace ta fi haka, saboda ɗauri da mayafi da gyaran kwalliya. Kala goma ba aikin awa ɗaya ba ne. Ka karɓi kafin alƙalami, ka rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai ko da a saƙon waya ne, har da sau nawa za ka sake gyara in an dawo da hoto. Ita ma wadda za ta sa kayan a tabbata ta san inda hotonta zai fita kuma ta yarda, in akwai wanda ya kamata a nemi izininsa a gida a nema tun kafin a saki hoto. Hoton da ya shiga intanet ba ya dawowa.

Sai guga. Kyamara ba ta yafe tamoji. Layin ninki da ido bai damu da shi ba, haske daga gefe zai fito da shi kamar an ja da rula, kuma goge shi a kwamfuta a kan atamfa mai zane aiki ne na awanni, zanen ma yakan karkace. A goge kaya a rataye su, kada a sake ninkewa. Ka tafi da fil da maƙalan shanya kamar guda goma: in riga ta yi wa mai sawa yawa, sai a tattare ta ta baya a maƙale. Amma a yi hattara, kada a matse abin da tela ya ɗinka da gangan ya zama mai faɗi.

Shadda da haske

Nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan. Shadda, musamman gezna da wadda ta sha bugu, tana mayar da haske kusan kamar madubi. Idan ka ɗora filasha a kan kyamara ka harba kai tsaye, hasken zai doki ƙirji ya dawo cikin gilashin kyamara, sai ka ga farin tabo a tsakiyar riga, furen da ke jikin shaddar ya ɓace ɗungum. Furen nan kuwa shi ne kuɗin yadin. Maganin shi ne a sauke filasha daga kan kyamara a kai ta gefe, kamar kusurwar digiri 45 daga inda kake tsaye, a ɗan ɗaga ta sama da kan mutum, a sa mata laima ko sofbos, wato akwatin yadi mai tausasa haske. Gwargwadon faɗin abin da hasken ke fitowa daga cikinsa, gwargwadon laushinsa. In har yanzu tabon yana nan, kada ka fara da rage ƙarfin filasha. Ka juya mai kayan kaɗan, ko ka ƙara matsar da fitilar gefe. Ƙyalli magana ce ta kusurwa, rage ƙarfi duhunta hoton kawai zai yi, tabon yana nan inda yake.

Kada kuma a kashe ƙyallin gaba ɗaya. Shaddar da ba ta sheƙi a hoto kamar yadin makaranta take fitowa, tela ba zai gode maka ba. Ana so ƙyallin ya bi layin ninki da gefen hannu, furen kuma yana bayyane.

Aikin zare ma haka. Babbar riga mai aska takwas, ko aikin wuyan kaftani, ko duwatsun leshi, duk da inuwa suke fitowa. Haske daga gaba yana shafe inuwar, aikin hannu na wata guda ya koma kamar zanen da aka buga da inji. Haske daga gefe ne ke sa kowane zare ya tashi. Kowace kala ka ɗauki aƙalla hoto huɗu: gaba, baya, gefe, da na kusa a kan aikin. Babbar riga kuma a ɗauke ta sau biyu, hannu a buɗe a ga faɗinta, sannan a naɗe a kafaɗa yadda ake sawa.

Ma'aunin hasken kyamara yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani: duk abin da ya gani, ƙoƙarinsa ya mayar da shi toka-toka matsakaici. Ka cika firam da farar shadda, sai ya rage haske, rigar ta yi dishi-dishi, fuskar mai duhun fata ta nutse. Ka cika shi da baƙar abaya, sai ya ƙara haske, baƙin ya koɗe kamar an wanke shi sau hamsin. In kana barin kyamara ta yi awo, ka ƙara haske kamar mataki ɗaya (+1 a ma'aunin kyamara) ga fari, ka rage kamar ɗaya ga baƙi. Abin da ya fi shi ne ka juya kyamara zuwa M ka saita da hannunka, ka kunna alamar gargaɗin nan da ke sa wurin da haske ya ƙone ya riƙa ƙiftawa a allo. Ka ƙara haske har farin ya fara ƙiftawa, sannan ka ja baya kaɗan. In fuska ta yi duhu bayan haka, ka sa wani ya riƙe faifan mayar da haske, ko farin kwali ma ya isa, daga ƙasan ƙirji yana mayarwa fuskar. Farin da ya ƙone babu manhajar da za ta dawo da furensa, amma duhun fuska ana iya ɗaga shi in da RAW aka ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta riga ta sarrafa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin barin JPEG, fayil ɗin hoto na yau da kullum, a aikin kuɗi.

A waje, rana tsaka abokiyar gaba ce. Tana tsaye a kai, hula ko ɗauri ya jefa inuwa a ido, kafaɗar riga ta ƙone. A fita da hantsi kafin tara, ko bayan la'asar. In dole ce ta sa, a shiga inuwar bango ko zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa. A guji inuwar darbejiya: tana yayyafa tabon rana a jikin kaya, ganyen kuma yana zuba kore-kore a kan farin yadi. Lokacin hunturu hazo yana tausasa rana, abin so ne, sai dai yana ja wa hoto ruwan ƙasa, kuma canza gilashi a fili cikin ƙurar nan yana barin ɗige-ɗige a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, da za ka gani a kowane hoto.

Launin da aka gani ba shi aka kawo ba

Mace ta ga leshi ruwan hoda a waya, ta tura kuɗi, aka kawo mata mai ruwan goro. Tela za a zaga, shi kuma ba zai sake kiranka ba. Yawanci haɗa haske iri biyu ne ke jawo haka. A ma'aunin launin haske, hasken rana wajen 5500K yake, tsohon ƙwan fitila mai ja wajen 3000K, inuwa kuma tana kai 7000K ko fiye. Idan taga tana haska gefe ɗaya, ƙwan shago yana haska ɗayan, babu saitin da zai gyara duka biyun. Ka zaɓi ɗaya ka kashe ɗayan. Ka kuma daina barin daidaiton fari, wato saitin launin haske, a kan AWB mai zaɓa da kansa, domin kyamara tana sake shawara a kowane hoto, sai riga ɗaya ta fito da launi uku. Ka sa mai kayan ya riƙe katin toka a hoton farko, ka sake duk lokacin da haske ya canza, sannan a kwamfuta ka daidaita fari da katin ka kwafa saitin zuwa sauran hotunan. Ja da shunayya sun fi ba kyamara wahala, don haka ka roƙi tela ƙyallen yadin ka ajiye kusa da allon kwamfuta lokacin gyara.

In da ƙwan shago ko fitilar LED mai araha kake aiki, akwai wani abu kuma. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, irin waɗannan fitilun suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma shota, wato ƙiftawar kyamara lokacin ɗauka, in tana da sauri tana kamawa, sai ka ga ratsi a kwance ko wani hoton ya fi wani duhu. Ka tsayar da shota a 1/100 ko 1/50 na daƙiƙa, ka ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku. Ƙaramin janareta ba ya riƙe gudunsa daidai, don haka a kansa sai ka gwada ka duba. Da filasha kuwa, kada ka wuce 1/200, ko 1/250 a wasu kyamarorin, in ba haka ba baƙin ratsi zai cinye gefen hoton.

Son ɓata baya

Duk ɗalibin da ya sayi gilashin 50mm ko 85mm mai f/1.8 (lambar buɗewar gilashi, ƙaramar lamba babbar buɗewa) sai ya kamu da son buɗe shi har ƙarshe don baya ya narke. Ga lissafin: da 85mm a f/1.8, kana nesa da mita uku a kyamara mai cikakken sensa, wato babban, abin da zai fito tas bai wuce santimita 13 ba, ko taƙi ɗaya bai kai ba. Ido zai fito, hannun riga da ya ɗan yi gaba ya dushe. A f/8 kana da wajen santimita 60. Don hoton kaya ka zauna tsakanin f/5.6 da f/8, in kana son baya ya yi laushi ka nisanta mutum da bango mita biyu ko uku. Bangon ma ya zama marar hayaniya, atamfa mai zane ba ta son kishiya a bayanta.

Kishiyar wannan shi ne wanda ɗaki ya yi wa kaɗan, ya mayar da gilashinsa 18mm ya matso kusa yana tsaye. Kai ya yi girma, ƙafafu su tsuke, doguwar riga ta koma gajera. Cikakken tsayi da 50mm yana son kamar mita uku, a ƙaramin sensa kuwa huɗu da rabi. In babu filin, a fita tsakar gida. Kyamara kuma ta sauko daidai ƙugun mai kayan, ko da za ka durƙusa. In za a wurga mayafi ko a yi taku don a ga yadda yadi ke zuba, shota ta kai 1/500, kuma a yi shi a hasken rana.

Yadin maza mai siraran layuka da saƙi mai ƙananan ido sukan haifar da wani zane mai kama da igiyar ruwa, wani lokaci har da launin bakan gizo, wanda babu shi a jikin kayan. A ƙaramin allon kyamara ba a ganinsa sai an zuƙo hoton har ƙarshe. In ka gan shi, ka matsa gaba ko baya taku ɗaya, ko ka ɗan sauya kusurwa, ka sake ɗauka. A wurin ya fi sauƙin magani.

Bayan an tashi

Ranar da ka dawo ka kwafe katin ajiyar kyamara wuri biyu kafin ka taɓa komai, kada kuma ka goge shi sai kwastoma ya karɓi aikinsa. Wajen gyara, hannu ya yi sauƙi. Ƙara wa launi ƙarfi don hoto ya ɗauki ido yana canza yadin da ake sayarwa. Goge fata har ta zama kamar roba, ko haskaka mai kayan ta koma wata daban, yana sa mai kallo ya daina yarda da sauran abin da ke hoton, har da kayan. Ka cire ƙurji da zaren da ya leƙo, ka bar sauran. Ƙugu da kafaɗa ma kada ka matse su da manhaja, layin ɗinki zai lanƙwashe, tela kuwa ya san layinsa.

Ka fitar da hotunan a tsarin launi na sRGB. Wanda ya bar su a Adobe RGB zai ga launi ya mutu a wasu wayoyin. Kada ka tura wa kwastoma duk ɗari huɗun da ka ɗauka. Ka tace, ka ba shi adadin da aka yi magana, kowace kala a jakarta da suna. In ta WhatsApp za ka aika, ka tura su a matsayin dokumen, domin turawa ta hanyar hoto tana matse fayil, aikin wuyan da ka sha wahalar haskawa ya dagule. Ka kuma ba shi girma biyu, ƙarami na waya da babba na bugawa, ka rubuta a sunan jakar wanne ne wanne, don kada a kai ƙaramin wurin mai buga allo.