Tsohon Akwatin Gem: Yadda Za Ka Gane Ko Gyara Ya Dace Da Shi Ko Sauyin Ciki

A rumfar da kawuna yake ajiye buhunan gero da taki, a wani ƙauye gefen Ringim, akwai akwatin gem na tsaye da ya kai tsayin mutum, irin wanda ake jefa wa kwabo. Tun yana da gidan kallo ya sayo shi na hannu daga Kano. Da yayinsa ya wuce sai ya zama wurin ɗora ƙwarya, kaji kuma suka samu wurin saka ƙwai a ƙarƙashinsa. Ran nan na ce, "Kawu, a ba ni akwatin nan in tashe shi mana." Ya ce, "Ɗauka, ɗana. Amma in ka buɗe ka tarar da maciji, kai da shi."

Ban tarar da maciji ba, sai gidan zanzaro uku da kashin ɓera. Daga nan hanya ta rabu biyu: ko a maido da shi yadda kamfani ya ƙera shi, ko a bar gangar katakon a zuba masa sabon ciki mai ɗaruruwan wasanni. Ga yadda ake bi kafin a zaɓa.

Da farko, kada ka jona shi da wuta. Kowa hannunsa na ƙaiƙayi ya ga ko zai kama, kuma a nan ake ƙona kaya. Wutarmu bolt 230 ce, alhali akwatin da aka yi don Amurka 120 yake sha, na Japan kuma 100. Duba ɗan ƙarfen da ke manne a baya, ka ga ko wani ya taɓa sa masa tiransifoma mai rage wuta. Sannan ka share ƙurar hunturun da ta taru da busasshen buroshi, ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, don ɓera ba ya barin roba. Ka ɗauki hoton komai da wayarka kafin ka cire ko da ƙusa ɗaya.

Mataki na biyu shi ne sanin abin da ke hannunka, kuma shi ya fi kowanne nauyi. Zanen da ke jikin akwati yakan yi ƙarya, domin tun a ƙasashen da suka fito masu gidajen wasa suna cire tsohon fanel, wato allon lantarkin da wasan yake ciki, su sa sabo in kasuwar wasa ta mutu. Sunan gaskiya yana jikin fanel ɗin. Duba bakin da wayoyi suke shiga. In ka ga doguwar mahaɗa mai haƙora 56, wato 28 kowane gefe, to tsarin JAMMA ne, wanda kamfanonin Japan suka daidaita a kai a tsakiyar shekarun 1980. Wannan albishir ne: ana zare fanel a soka wani kamar yadda ake canza kaset, ba a yanke waya ko ɗaya. Haka ma Neo Geo MVS na kamfanin SNK, wanda ya fito a 1990, dama da kaset yake aiki.

Amma in Allah ya ba ka wanda ya girmi wannan tsari, kamar Space Invaders na Taito na 1978 ko Pac-Man na Namco na 1980, kuma zanensa da fanel ɗinsa na asali ne, to a ganina ka janye hannunka daga maganar sauyi. Masu tara irin waɗannan kaya asalin suke saye. Ranar da ka fafe shi ka shafa masa fenti, ka mayar da shi kabad.

Sai katako. Ɗauki sukundireba ka danna ƙasan akwatin ta kowace kusurwa. In falwud ne yakan jure. In kuwa irin katakon nan ne na garin itace da aka danne, danshin damina ɗaya ya isa ya kumbura shi ya riƙa marmashewa kamar burodi a shayi. Gara kuma ta ciki take ci, ta bar maka fuska lafiya lau. Ƙasa kaɗai ta lalace? Kafinta zai yanke ya yi ƙari. Ta kai har gefuna inda zanen yake? To babu sauran abin da za a maido.

Na huɗu, allon kallo, kuma a nan ba a wasa. Kwalba ce irin ta talabijin mai ƙeya, wutar cikinta takan haura bolt 20,000, tana kuma iya riƙe ta bayan an kashe. Jar wayar nan mai kan roba da ke manne a bayan kwalbar, kada ka taɓa. Ka nemo tsohon mai gyaran talabijin, ba yaron da ya iya canza gilashin waya ba. Wanda na kai wa nawa a ranar kasuwa, dattijo ne da gilashinsa ke ɗaure da zare. Ya sauke wutar da sukundireba da waya, muka ji ƙas, sannan ya ce, "Yanzu ka matso, samari." Abin da za ka tambaye shi uku ne: wuyan kwalbar bai fashe ba? Hoton tsohon wasa bai ƙone ya zauna daram a gilashin ba? Tiransifomar da ke ba kwalbar wuta, wadda suke kira fulaibak, tana da rai? Kondensa da suka bushe saboda zafi ba matsala ba ce, ana canza su da araha. Fasasshen wuya kuwa sai dai wata kwalbar.

Duba fanel ba ya ɗaukar dogon lokaci. A gwada da mita a ga bolt 5 da 12 suna fita daidai, a duba ko ɗan batirin ciki ya zubar da ruwa ya ci layukan tagulla. Wasu fanel na kamfanin Capcom, irin CPS-2, in batirinsu ya mutu wasan ma ba ya tashi sai an yi masa aiki na musamman.

Yanzu sai ka tambayi kanka gaskiya: me kake so da shi, kuma wace wuta gare ka? Mu da muke ƙauye wannan ce take yanke hukunci. Kwalba tana shan wuta sosai, ba ta kuma son hawa da saukar ƙaramin janareta. In sana'a za ka yi da shi a bakin kasuwa, yara suna biya suna bugawa, a kan sola da batir, to filasma da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda bolt 5 kawai take sha kamar cajar waya, sun fi maka. Manhajar MAME, da aka fara tun 1997, ita ake sa wa kwamfutar ta kwaikwayi tsofaffin fanel ɗin. Akwai kuma fanel na China masu wasanni da yawa da suke shiga bakin JAMMA kai tsaye, sai dai ka sani yawancin wasannin ciki ba da izinin masu su aka zuba ba. Hoton filasma kuma bai kai na kwalba daɗi a tsohon wasa ba, wanda ya saba zai gani nan take.

In ka tsaya a kan sauyi, ka yi shi yadda za a iya komawa. Kada ka huda farantin maɓallai na asali. Street Fighter II na 1991 maɓalli shida yake so ga kowane ɗan wasa, tsarin JAMMA kuwa uku ya tanada, don haka kafinta ya yanko maka sabon faranti, ka ajiye tsohon. Ka lura ko allon a tsaye yake ko a kwance, don Pac-Man a tsaye ake buga shi, wasannin faɗa a kwance. Tunda kwabo ya daina yawo a hannun mutane, sa ɗan maɓalli a ɓoye wanda za ka danna in an biya. Duk abin da ka cire, naɗe shi a leda, rubuta sunansa, ka ɗora a sama inda ruwa da gara ba sa kaiwa.

Nawa dai JAMMA ne, fanel ɗin ya mutu, kwalbar tana da rai amma gidanmu sola ce. Na sa filasma, na naɗe kwalbar da tsohon bargo na kai ɗakin Inna. Daren da ya fara kamawa yara suka cika zaure har waje. Kawu ya leƙo da buta a hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, kajin nan fa, ina za su koma yin ƙwai?"