Idan Dam Ya Ɓalle da Tsakar Dare: Kurakuran da Na Gaji da Gani a Shirin Kwashe Mutane

Duk sabon kwamitin da na zauna da shi kan shirin kwashe mazauna ƙasan madatsar ruwa, abin da ake fara miƙo mini takarda ce. An buga ta tsaf, an yi mata bango, ga taswira mai launi, ga sunan shugaba da mataimaki da ma'aji. Sai in ajiye ta gefe in yi tambaya guda: idan mai gadin dam ya ga abin da bai gane ba da ƙarfe 2 na dare, wa zai ce wa jama'a su tashi? Nan ake fara kallon-kallo.

Ban isa in yi wa kowa dariya ba, domin ni ma na tafka wannan kuskuren, kuma da hannuna na rubuta shi. A shirin farko da na tsara, mai gadi zai kira injiniya, injiniya ya kira babbansa, babban ya kira shugaban kwamiti, shi kuma ya kira wakilan unguwanni. Tsani mai hawa biyar, ina ta jin daɗi wai na yi tsari. Wani dare aka kwana ana ruwa, tafkin ya cika ya batse, dole aka buɗe ƙofofi gaba ɗaya. Mai gadi ya kira injiniya, waya a kashe. Ya tsallake zuwa na gaba, aka ce masa a bari gari ya waye a tabbatar. Kusan awa biyu saƙon na yawo tsakanin mutum uku, kowa na tsoron a ce shi ya tayar da gari a banza. Dam ɗin bai fashe ba, amma ruwan da aka saki ya shiga gidajen kwari. Wani dattijo da sunansa ke cikin jerin da ni na rubuta na waɗanda za a fara ɗauka, a goye aka fito da shi, ruwa iya ƙirji. Da na je gaishe shi bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, ai na ji an ce kuna da shiri." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar na daina gina tsani. Mutum uku nake sa a zaɓa, kowannensu na da ikon ba da umarnin tashi shi kaɗai, ba sai ya nemi izinin kowa ba, kuma mai gadin dam na cikinsu. Ana shafa jan fenti a jikin ma'aunin ruwa: ruwa ya taɓa layin, magana ta ƙare. Sannan ina sa shugabanni su sa hannu cewa wanda ya tayar da mutane aka ƙare ba abin da ya faru, ba za a tuhume shi ba. Injiniyoyi da yawa ba sa son wannan, suna cewa mai gadi ba ƙwararre ba ne. Gaskiyarsu. Amma shi ne a wurin.

Wanda yake ganin na cika zafi ya duba Banqiao a ƙasar Sin, Agustan 1975. Guguwa ta katse layukan sadarwa, saƙonnin da ke tsakanin masu kula da dam da na sama suka maƙale a hanya, dam ya ɓalle cikin dare, wasu sama da 60 suka bi sahunsa. Ruwa kaɗai ya ci mutum wajen 26,000, ban da waɗanda yunwa da cuta suka kwashe daga baya. Sai ka kwatanta da Edenville a jihar Mishigan ta Amurka, Mayun 2020. Tun daren da ya gabata jami'an yankin suka fara fitar da mutane, alhali dam na tsaye. Washegari da yamma ya fashe. An kwashe sama da mutum 10,000, ko rai ɗaya ba a rasa ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin lalaci ne zalla: a zana hanyar tserewa a kan tebur, ba wanda ya taɓa takawa. Haba jama'a! Sau nawa zan ga an sa wurin taruwa a makarantar da ke tsallaken kogi, wai ita ce mai faɗin fili? Gadar da kuke taƙama da ita, ita ruwa zai fara cinyewa. Wasu kuma su ja kibiya ta bi gefen kogi zuwa ƙasa, wato ku yi tsere da ruwa. Ba za ku ci ba. Gefe ake yankewa a hau tudu mafi kusa, ko da tudun ba shi da rumfa ba shi da famfo.

Ni ga yadda nake yi, ko a so ko a ƙi. Ina ɗaukar mafi rauni a unguwar, tsohuwa mai sanda ko mai tsohon ciki, mu taka hanyar tare da dare, da tocila, agogo na hannuna. Mintin da ta ɗauka shi ne lokacin hanyar, ba wanda saurayi ya yi a kan babur da rana tsaka ba. Sai in tambayi masu dam minti nawa ruwa zai yi kafin ya iso gidan farko. Idan lissafin bai haɗu ba, a nemi wani tudun ko a sauko da jan layin. A irin wannan tafiyar ne muka taɓa tarar da an katange lungun da taswira ta ce a bi, shekara biyu ke nan da yin ginin, ba wanda ya lura. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma ku gina shirin a kan mota. A Oroville ta Kalifoniya, Fabrairun 2017, an umarci mutum kusan 188,000 su fice saboda magudanar rarar ruwa na zaizayewa, tituna suka cushe, motoci suka yi cirko-cirko na sa'o'i. Allah Ya sa dam ɗin ya tsaya. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 60 kuwa ya tafi da yawancin motoci. A bar motoci ga marasa lafiya da waɗanda ba sa iya tafiya, sauran kowa ya sa ƙafa.

Akwai masu cewa ai ba damina ba ce, a kwantar da hankali. Dam ɗin Teton a jihar Idaho ta Amurka ya fashe ranar 5 ga Yuni 1976 ba tare da an yi ɗigon ruwan sama ba. Da safe aka ga yoyo, kafin azahar ya tafi. Abin da za a koya wa mai gadi ke nan: yoyo mai garai-garai a sa masa ido, amma da zarar ya koma ruwan laka, cikin dam ɗin ne ke fita. Haka ramin da ya burma a saman gini, ko ruwan tafki yana juyawa kamar ana zuƙe shi.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Jiniya ɗaya ba gargaɗi ba ce: a Brumadinho ta Burazil, Janairun 2019, dam ɗin sharar ma'adinai ya ɓalle, jiniyar ba ta yi kuka ba, laka ta binne mutum 270, da yawansu suna cin abincin rana. A haɗa da lasifika mai batir da masu buga ƙofa gida-gida, kowa da layinsa. Saƙo kuma ya zama ɗaya, kada wani ya ce a tashi, wani ya ce a zauna a gida. A Darna ta Libiya, Satumban 2023, an sa dokar hana fita saboda guguwa, sai madatsu biyu suka ɓalle a bayan gari cikin dare, dubbai suka mutu. Lambobin waya suna mutuwa, a sabunta su kafin kowace damina. Mai dabbobi zai koma kwance su ko ka yarda ko ba ka yarda ba, don haka ka tanadar musu wuri tun da wuri. A yi wa makaranta shirinta daban, iyaye su san can tudu za su tarar da 'ya'yansu, in ba haka ba kowa zai ruga ƙasa nema.

Na kusa mantawa da komawa gida. Da ruwa ya ɗan ja, za ka ga ana sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wai za a duba kaya. Idan akwai wani dam a sama, ko ragowar ginin bai gama zubewa ba, ruwa na biyu na nan tafe. Ni nakan zaunar da mutum ɗaya a bakin hanyar saukowa da littafin sunaye, ba mai wucewa sai ɗaya daga cikin mutum ukun nan ya ce an sauka. Mai taurin kai nake zaɓa wa wannan aikin, wanda ko yayansa ne ya zo zai ce masa ya koma ya zauna.