Yadda nake shirya yaro ya ci dambe ba tare da 'yan kallo sun yi hamma ba

Duk matashin da ya fara koyar da damben zamani ya zo wurina a unguwar Nima da ke Accra, tambayarsa ɗaya ce: yaro ya burge 'yan kallo, ko ya ci wasa? Ni ci nake sawa a gaba. Sai dai mai shirya wasa tikiti yake sayarwa, kuma yaron da ya sa mutanen Bukom, unguwar 'yan dambe ta Accra, gyangyaɗi ba za a sake kiransa ba. Ga yadda nake bi da su.

Fara da tsaro. Wata ukun farko ba na barin yaro ya saki ƙarfinsa a kan buhu. Tsayuwar ƙafa, haɓa a ƙasa, hannun dama manne da kunci, sai doguwar hagun nan da muke ce wa jab, safe da yamma. Ina ɗaura igiya daga bango zuwa bango daidai kafaɗarsa, ya riƙa sunkuyawa yana ratsa ƙarƙashinta. Ya ɗaga haɓa, in ɗan taɓa shi da silifas. Sukan ce, "Koci, yaushe za mu fara dambe?" In ce ai shi muke yi.

Sannan ka zaunar da shi ka koya masa lissafin alƙalai, don da yawa suna hawa dandali ba su san shi ba. Alƙalai uku ne, turmi minti uku. Wanda ya ci turmi yana da 10, ɗayan 9, in kuwa an kai mutum ƙasa yawanci 10 da 8 ne. Naushin da ya shiga jiki tsaf shi suke dubawa. Wanda ya sauka a kan safar hannu ƙara kawai gare shi, jama'a su yi ihu, takarda ba ta motsa ba.

Amma kada tsaron ya zama ɗakin ɓuya. A 2010 mun hana idonmu barci har asuba muna kallon karon ɗan Ghana Joshua Clottey da Manny Pacquiao da aka yi a Amurka. Turmi 12 Clottey ya rufe fuska, Pacquiao na ta zuba masa ruwan naushi. Bai faɗi ba, gaskiya, amma alƙalan uku duk Pacquiao suka ba, mu kuma muka tafi masallaci rai a ɓace. Dubi Azumah Nelson a 1982, da aka kira shi a ƙurarren lokaci ya kara da Salvador Sanchez. Sai a turmi na 15 aka tsayar da shi, amma daren nan duniya ta san sunansa, kuma a 1984 ya bi Wilfredo Gomez har gida ya ƙwace kambin duniya na hukumar dambe ta WBC. Shi ya sa na kafa doka a filina: duk naushin da ka tare, bashi ne, ka biya da biyu nan take. Ina riƙe da fad, wato matashin hannu da yaro ke naushi a kai, in kai masa hannu, in bai rama kafin in ƙifta ido ba, mu sake daga farko.

'Yan kallo kuma ka ware musu rabonsu. Daƙiƙa 30 na ƙarshen turmi nake ba su: naushi huɗu ko biyar a jere, a fara daga haƙarƙari a ƙare a sama, sannan ya zame gefe. Jama'a sun samu abin ihu, alƙali ma da wannan hoton zai ɗauki biro.

Abin da na fi jin tsoro shi ne kunnen yaro. Ina da wani da ya ci turmi huɗu cikin shida, saura kawai ya lallaɓa. 'Yan unguwa suka cika wuri da ganga suna kiran sunansa, "Gama da shi! Gama da shi!" Na ga ya saki hannun dama daga kunci, ya tsaya ƙirji da ƙirji. Hagu ɗaya ta same shi a muƙamuƙi. Ni na wanke masa baki, ni na raka shi gida a tasi, masu gangar kuwa tuni sun watse. Laifina ne, ban taɓa gwada shi cikin hayaniya ba. Tun daga ranar, in ana gwaji nakan tara yaran layi su yi ta ihu, shi kuma muryata kaɗai zai bi.

A hutun minti ɗaya kada ka yi masa wa'azi. Ruwa, numfashi, magana biyu. Ka gaya masa gaskiyar lissafi. In yana gaba, ya riƙe jab ya yi ta zagaye. In yana baya kuma turmi biyu suka rage, to ka sake shi, burgewa da ci sun zama abu ɗaya.

Tawul kuma, wanda ake jefawa a dandali don a tsayar da wasa, ya zauna a kafaɗarka, ba cikin jaka ba. A 2019 mahaifin Isaac Dogboe da kansa ya tsayar da karon ɗansa na biyu da Emanuel Navarrete a turmi na 12. Ni ƙafa nake kallo: in na ga ta daina bin umarnin yaro, ba na jiran ƙararrawa.